Tubabben Garkuwan Huhu

Allah ya yi wa garin nan gata da ya ba shi Shugaban Kwamitin Yaƙi da Shan Taba. Ma'aikatansa ne suka laƙaba masa Garkuwan Huhu, a bayan idonsa. Ranar da sunan ya kai kunnensa bai yi fushi ba, sai ya sa aka rubuta shi a ƙofar ofis.

Bawan Allah ne da bai taɓa sa sigari a baki ba, bai kuma taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. A bangon ofishinsa akwai hoton huhu biyu, ɗaya ja, ɗaya baƙi ƙirin. Nasa hoton yana tsakiya, ya fi su girma. Ko ashana aka ƙyasta kusa da shi sai ya dafe ƙirji, ya waiga ya ga ko akwai mai kallo.

Abu guda ne ya tsaya masa a rai. Duk jawaban da ya zuba, babu mutum ɗaya da zai nuna ya ce, "Ga wanda na raba da taba." Ga taron shekara ya matso, an riga an gayyato 'yan talabijin.

Sai ya tuna da yayan matarsa, wani tela. Telan ya sha taba tun yana saurayi, har ranar da likita ya nuna masa hoton ƙirjinsa ya ce in ya sake kunna ko kara ɗaya, to ya fara sallama da iyali. Da ƙyar ya daina. Ya tauna cingam har muƙamuƙinsa ya gaji, ya sauya hanyar zuwa shago don kada ya bi ta gaban mai tebur.

Garkuwa ya taka har shagon, ya tsaya daga bakin ƙofa saboda rigarsa.

"Yaya, tarihi ne ya biyo ka har kan keken ɗinki. Za ka tsaya kusa da ni ka karya sigari, duniya ta ga aikinmu."

"Yallaɓai, ai ni na daina tun kafin a ba ka kujerar nan."

"Dainawar da kyamara ba ta ɗauka ba, wa zai yarda da ita?"

Tela ya ji kunyar ƙanwarsa, ya amsa.

Ranar taro Garkuwa ya yi jawabi har lasifika ta fara shaƙewa. Aka hau da tela, ya karya sigari, aka tafa. Mai kyamara ya yamutsa fuska ya ce abin ba rai, ba wanda zai gane mashayi ne.

Idon Garkuwa ya kawo haske. "A kunna masa! Ya zuƙa sau ɗaya, ni kuma in fizge daga bakinsa in take."

"Likita fa ya ce..."

"Likita ƙirji ɗaya yake dubawa, Yaya. Ni na al'umma nake dubawa."

Aka kunna. A ɗaukar farko hular Garkuwa ta karkace. Aka sake, ya ƙifta ido. Aka kuma sake, inuwar tela ta faɗa masa a fuska, abin da ba za a lamunta ba. Kowace ɗauka da sabon kara. Da farko tela ɗan zuƙa yake yi, can sai ya fara ja har ƙirji. A ta ƙarshe sai da Garkuwa ya sa ƙarfi kafin leɓen ya saki.

"Kun gani?" in ji shi yana haki. "Wannan ta fi kama da gaske."

Hoton ya hau allunan titi. Garkuwa ya riƙa sa direba ya rage gudu in sun zo wucewa.

Ba a yi nisa ba matar tela ta zo ofis, idonta jajur. Ta ce maigidan ya koma shan taba, a bayan shago yake laɓewa. Tsohon tarinsa ya dawo har da jini, masu kawo ɗinki sun fara dawo da kaya saboda warin hayaƙi.

Garkuwa ya gyara zama. "Kullum yake sha? Mutane sun gani?"

"Duk layin sun sani, Yallaɓai."

Ya kwaɗa wa sakatare kira. "A tanadi yayana a taron baɗi. Bana na aro muka nuna, baɗi muna da na gaske."

"In ya kai baɗin," in ji matar.

"Wannan aikinki ne, baiwar Allah. Ki lallaɓa mana shi. Amma don Allah kada ki bari ya daina kafin ranar."