Yaƙin Jatau Magini da Lotsin Akori-Kura

Da sunan Wanda ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya shimfiɗa ƙasa ba tangarɗa. Bayan haka, wannan tarihin Jatau ne ɗan Cindo, ɗan Nomau, ɗan Barmo Mai-Tubali, wanda aka ce ya taɓa yin atishawa a tsakiyar ɗora azara amma ba ta karkace ba. Gida ne na magina tun kaka da kakanni, ba a taɓa haihuwar namiji a cikinsa ba face da laka a farcensa. Jatau garnaƙaƙi, dodon tsagar bango, maganin yoyon soro, baban Hansatu ba ka barin rami a buɗe! A duk garin Bakori, katangar da ta hango shi tafe da cokalin gini tsayuwa take gyarawa.

A shekarar da furfura ta ci rabin gemunsa, sai wannan sadauki ya sayi akori-kura ta hannu don jigilar yashi da bulo. An ce fara ce a zamanin ƙuruciyarta. Ta bauta wa iyayengiji da yawa, kowanne kuwa ya bar mata abin tunawa: jikinta duk karce kamar inda kaji suka yi tono, a gefen dama kuma, daga bayan ƙofa har kusa da taya, akwai wani lotsi mai zurfin da ɗan akuya zai sha inuwa a ciki. Masana sun yi saɓani kan asalinsa. Wasu suka ce bijimi ne a kasuwar shanu, wasu suka ce tirela ce, wasu kuwa suka ce wata kuka ce ta ƙi kaucewa daga hanya. Jatau bai damu ba, don yashi ba ya tambayar kyan motar da ta ɗauko shi.

Ana nan sai aka sa ranar bikin 'yarsa Hansatu. Al'adar garin kuwa, ranar jere a buɗaɗɗiyar mota ake ɗora gado da katifa da kabad da kwanuka, a ratsa gari a hankali ana guɗa, kowa ya gani. Burin Jatau ke nan tun ranar da ya karɓi makulli, a ce kayan 'yarsa a motar ubanta suka tafi. To amma ragamar bikin na hannun yayarsa Delu, sarauniyar jere, wadda ko liman ba ya katse mata magana. Ta zagaya motar sau ɗaya, ta tsaya a gaban lotsin, ta riƙe haɓa.

"Jatau," in ji ta, don ita kaɗai ke kiran sunansa gatsau, "wannan gwangwanin ba zai ɗauki gadon 'yata ba. Ko ka gyara mata fuska kafin ranar jere, ko a ɗauka a motar Ilu."

Da ta mare shi da ya fi masa sauƙi. Ilu taubashinsa ne, ɗan kawunsa, mai gyaran jikin mota a bakin tasha, yana da tasa akori-kurar mai sheƙi kamar sabon faranti. Harshen taubashi kuwa ba shi da linzami, al'ada ce ta kwance masa. In kayan Hansatu suka hau motar Ilu, Jatau ya san zai sha gori har bakin kushewa. Kafin la'asar labari ya kai tasha, sai ga Ilu da kansa yana washe baki.

"Bawana, kawo ta in buge lotsin, in shafa mata foti, in fesa fenti, kyauta. Abu ɗaya nake so: ka ce 'na gode ubangidana' a gaban majalisa."

"Rami ne dai ko?" in ji Jatau. "Kakana giɓin ganuwa ya cike. Tafi da man shafawarka."

A nan fa girman kai ya shigo, kuma ba a taɓa ganin ya shiga gida ya fita bai fasa tukunya ba. Kalma uku aka nema a wurin mutum, ya zaɓi buhun siminti.

Da gari ya waye, barden ya yi ɗamara da tsohon rawani, ya fito filin daga da rundunarsa: kwanon sarki na ɗibar kwaɓi a dama, cebur a hagu, guduma da ƙusa a gaba, tankaɗaɗɗen yashin rafi a baya. Ya dubi abokin gaba da idon basira, ya tuna wasiyyar magabata cewa filasta ba ta kama bango mai santsi, dole a sassare shi tukuna. Saboda haka ya ɗaga guduma, ya kafa ƙusa, ya shiga huda gefen motar layi-layi, ƙarfe na kuka, kajin unguwa na neman mafaka, har sai da wurin ya koma kamar rariya. Sa'an nan ya zura waya ta hudojin, ya ɗaure ragar ƙarfe a kan lotsin, irin wadda ake sa wa murfin rijiya. Wato don ya warkar da rauni ɗaya sai da ya yi mata ɗari.

Babu leburan da ya yarda ya shiga wannan yaƙi, don haka shi ke kira, shi ke amsawa.

"Ruwa!" Ya ruga ya ɗebo.

"Kwaɓi!" Ya sunkuya ya kwaɓa.

Ya yi ta watsa siminti da cokali, yana bi da katako, yana ja da baya yana kanne ido, har lotsin nan da ya gagari iyayengiji na farko da na ƙarshe ya miƙa wuya, gefen mota ya miƙe sumul kamar bangon sabon masallaci. Da yake siminti ba ya ƙarfi sai ya sha, sai ya lulluɓe wurin da jiƙaƙƙen buhu, safe da yamma yana bin motar da buta yana ba ta ruwa. Ilu ya biyo ta nan ya tarar da shi a kan aiki.

"Sannu da ban-ruwa, bawana. In ta tsiro a ajiye mini iri."

Sadauki ya ci gaba da ban-ruwansa, don zaki ba ya amsa wa kwaɗo. Da siminti ya kama, sai ya kawo farin fentin mai, irin na ƙofar gida, da burushi mai faɗin tafin hannu, ya far wa karce gaba ɗaya. Hannun magini kuwa in ya fara shafe ba ya sanin iyaka: ya bi ta kan mariƙin ƙofa, ya ci rabin fitila, ya taɓa madubi. Ƙudaje masu yawa sun yi shahada a wannan rana, suna nan manne har yau. Aibi ɗaya kawai aka samu. Motar ta karkata dama saboda nauyi, kamar tsohuwa mai ciwon kwankwaso. Jatau ya ce ladabi ne.

Ranar jere Delu ta fito duba rundunar. Ta ƙwanƙwasa gefen motar da yatsa. Maimakon ƙarar ƙarfe sai ta ji dum, kamar ta bugi rumbu.

"Wannan mota ce ko dakali?"

"Yaya, akwai lotsi?"

Ta duba, ta sake dubawa. "Babu. A loda."

Da a ce tarihi ya tsaya a nan, da an buga tambari. Amma da mata suka ga motar ta karkata dama, sai suka tura kabad da duk wani abu mai nauyi hagu don ta daidaita, katifa kuwa, da yake ba ta da nauyi, aka rataya ta a dama, ta sauko ta rufe aikin nan ruf.

"Yaya, a ɗan ɗage katifar mana."

"Na taɓa koya maka ɗora bulo? Shiga ka ja."

Haka aka ratsa Bakori, ta kasuwa, ta bakin tasha, ta gaban majalisar da ya so ta gani, mata na guɗa, Ilu na biye da 'yan rakiya yana danna oda, jama'a na yaba furannin katifa. Ba mahalukin da ya ga ko taƙi ɗaya na filastar.

A ƙofar gidan ango akwai buɗaɗɗiyar kwata, ruwan daminar nan ya cika ta taf. Jatau ya matso da mota gefenta don a ji sauƙin sauke kaya, sai tayar baya ta dama ta faɗa wani ɗan gurbi. Motar ta girgiza. Aka ji wayoyi na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan wani abu ya sulluɓo daga ƙarƙashin katifa, ya faɗi tim, ya gitta kwatar daga baki zuwa baki, farin fenti a sama, ko tsaga bai yi ba.

Guɗa ta tsaya. Jatau ya riƙe sitiyari yana karanto duk addu'ar da ya sani.

Delu, wadda tun daga nesa take tunanin yadda za a ƙetare da kwanuka, ta ɗora ƙafa a kan abin, ta taka da ƙarfi, ta ji daram.

"Bismilla, ku biyo ni."

Mata suka bi ta kai da kaya a ka, guɗa ta dawo. Mahaifin ango, Malam Ɗangaladima, ya fito tarbar baƙi, ya ga abin da ke ƙofarsa, ya kama hannun Jatau da hannu biyu.

"Malam Jatau, har da murfin kwata a cikin kayan? Kai, wannan karamci! Shekara da shekaru muna fama da ita. Allah ya saka da alheri."

"Amin," in ji sadauki, da muryar da ba ta fi ta sauro ba. "Ba komai."

Da aka sauke katifa, sai ga lotsin nan yana nan yadda yake tun fil azal, sai dai yanzu rana na leƙowa ta cikinsa. Ilu ya tsuguna ya daɗe yana kallo.

"Bawana, ka kyauta. Da ɗaki ne kawai, yanzu ka fitar mata da tagogi."

To, gaskiya ɗaya ce, a faɗe ta ko da ɗaci: kayan Hansatu a motar ubanta suka tafi, kuma har gobe Jatau bai ce wa kowa ubangida ba. Murfin na nan a ƙofar surukai, awaki na kwanciya a kai. Motar kuwa ta koma jigilar yashi, yana tsiyaya ta hudojin. Duk mai neman Jatau a Bakori ba ya tambayar kowa. Ƙasa yake dubawa, ya bi layin yashin.