Gaba Fuska, Baya Ƙeya

Wani ne ya wayi gari ya ce shi mawaƙi ne. Muryarsa kuwa, in ya sake ta a banɗaki, maƙwabta kan fito su duba ko famfo ne ya fashe. Ya dai lallaɓa ya naɗi waƙoƙinsa, aka buga masa faya-fayan sidi cike da jaka. Saura kwalin da za a saka su. Sai ya nufi shagon mai zanen bangon faifai, wani siririn mutum mai tabarau da ke zaune gaban kwamfuta.

Ya ce, "Malam, bango nake so wanda da an gani za a saya, ba tambaya."

Mai zane ya ce, "To. A gaba hotonka da sunanka, a baya jerin waƙoƙi."

"Waƙoƙi a baya? Kai in ka juya, waƙoƙi ake gani a bayanka? Gaba fuska, baya ƙeya. Haka Allah ya yi mutum."

Mai zane ya yi bayani har bakinsa ya bushe, gogan ya kafe. Dole aka juya shi, aka ɗauki hoton ƙeyar, da sanƙonta da komai.

Da ya dawo duba aiki, sai ya ga wasu baƙaƙen layuka a ƙasan ƙeyar.

"Wa ya yi mini tsaga a wuya?"

"Lambar da na'urar kanti ke karantawa ce. Kowane faifai yana da guda."

"Kowa guda? To ni a sa mini uku, a san ba sa'o'ina ba ne."

Ya juya kwalin, ya ga sunansa a siririn gefen nan, a kwance.

"Malam, da raina da lafiyata ka kwantar da sunana?"

"Wurin ne ba faɗi, maigida."

"To ka tayar da shi zaune."

Mai zane ya cire tabarau ya murza ido. Ya ɗauko faifai guda da ya manna wa hoton gwaji ya miƙa masa. Ramin tsakiya ya faɗa daidai kan hanci.

Gogan ya dube shi ya ce, "Yanzu kuma huda ni ka yi?"

"Ramin faifai ai a tsakiya yake."

"A matsar da shi gefe."

"In aka matsar ba zai juya ba."

"Dama wa ya ce a juya ni?"

Ranar da kwalaye suka fito suna sheƙi, ya hana kowa taɓawa, wai kada yatsu su ɓata masa fuska. Da kansa ya kai aka naɗe su a leda aka liƙe, ya sauke wa mai shagon faya-fayai a bakin titi. Ya bi dangi da maƙwabta da abokan aikin matarsa gida-gida, sai da kunya ta sa kowa ya je ya saya. Ya sayi baƙin gilashi, ya daina amsa gaisuwar yara.

Rannan matarsa tana shara ta jawo wata jaka daga ƙarƙashin gado.

Ta ce, "Maigida, waɗannan maduban masu rami fa, na wane ne?"

Ya leƙa. Faya-fayansa ne cif, ba wanda ya shiga kwali sai na gwajin nan guda. Ko takalmi bai tsaya nema ba, ya ruga shago yana haki.

"Mai shago, na shiga uku. Kwalayen nan duk ba komai a ciki. Mutane sun taso maka, ko?"

Mai shago ya ce, "A'a, kwalayen sun ƙare lafiya lau. Mutum ɗaya ne kawai ya dawo yana zagi."

"Wane ne?"

"Wanda ya samu faifai a nasa."