Rasuwar Wakili, Mai Tsaron Murjanin Malamin Tuƙi

Da zukata cike da baƙin ciki, da hannayen da gishiri bai gama fita daga cikinsu ba, iyalan Malamin Tuƙi na hawa na biyu suna sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da tsofaffin ɗalibai rasuwar Wakili, ɗan baƙin akwatin lantarkin nan mai kula da tankin murjani na falonsu. Ya cika da hantsin ranar Talata, a cikin kabad ɗinsa da ke ƙarƙashin tanki, bayan gajeruwar jinya da wani siririn hayaƙi mai warin ƙonanniyar roba. Ya tafi da ƙuruciyarsa. Garantinsa ma da saura, sai dai an ce bai shafi wanda ruwa ya ci ba.

Ga wanda bai taɓa shiga gidan ba, tankin nan ba irin kwalbar da ake jefa jan kifi a manta da shi ba ce. Akwatin gilashi ne mai tsawon doguwar kujera, cike da ruwan gishiri, a cikinsa akwai murjani mai rai da 'yan kifaye masu launi. Murjani kuwa halitta ce mai tsirfa da saurin fushi. Ruwa ya ɗan yi zafi, ya ɗashe ya yi fari fat. Gishiri ya ɗan yi yawa, ya tsuke baki ya ƙi buɗewa. Shekara da shekaru Malam ne bawansa, yana yawo da ma'aunin zafi a aljihun gaba inda sauran maza ke saƙala biro.

Wanda ya san Malam ya san ba mai sakin ragama ba ne. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kujerar gefen direba, ƙafarsa a kan birki na biyu, ba ya yarda da kowa. Ko tasi ya shiga sai an ga ƙafarsa tana laluben birkin da babu shi. Haka ya riƙe tankin. Ba ya kwana a wani gida, ba ya wuni a gidan suruki, kuma ranar bikin 'yarsa tilo, wadda yake kira Mamana, ya sulale ya koma gida kafin a ɗauki hoton iyali, wai ya ji iska ta canza. Hoton yana nan rataye a falo. Akwai wani fili a gefen amarya daidai faɗin kafaɗunsa, kuma ba ya son kallon wajen.

Da Mamana ta samu juna biyu a can garin da aure ya kai ta, tafiyar wuni guda a mota, ta kira shi. Ba ta ɗaga murya ba, don ba halinta ba ne.

"Baba, in na sauka ba ka zo ba, ba zan yi fushi ba. Zan dai daina jira ne."

Maganar ta zauna masa a ƙirji. Washegari ya nufi shagon mai sayar da kifin ado, kuma a ranar Wakili ya shigo gidan cikin kwali.

Mai shagon ya yi masa nasiha irin ta mutumin kirki. Ya ce mai farawa ya fara da kaɗan: ma'aunin zafi, da hita, da ɗan famfon da ke ƙara ruwa in ya ƙafe. In ya saba da waɗannan, sai ya ƙara sauran sannu a hankali. Ya kuma ja masa kunne a kan abu guda, cewa kowace waya da ta fito daga tanki a bar mata ciki, ta lanƙwaso ƙasa kafin ta hau zuwa soket, domin in ɗigo ya biyo ta ya faɗi a lanƙwasar. Malam ya gyaɗa kai kamar yadda ɗalibansa ke gyaɗa masa in hankalinsu yana wani wuri. Ya fito daga shagon da ma'aunin zafi, da na gishiri, da na tsamin ruwa, da fanka, da injin kaɗa ruwa, da shuɗiyar fitila mai kwaikwayon fitowar rana, da mai zuba abinci, da faifan gano yoyo, da kyamara. Kyamarar don ya riƙa kallon Wakili ne yana kallon tanki.

Marigayi bai samu amincewa a arha ba. Malam ya ɗauke shi tamkar sabon ɗalibi. Da fari ya zauna a gabansa da tsohon ma'auninsa na gilashi yana gwada kowace lamba. Daga baya ya bar shi ya sauka zuwa kemis ɗin da ke ƙasan bene, ya dawo da gudu. Sai ya kai kasuwa. Ranar da ya wuni cur a gidan yayarsa har ya ci abinci a zaune, yayar ta taɓa masa goshi ta ji ko lafiya. A hanyar dawowa ya shaida wa uwargida cewa yaron ya ci jarrabawa, kuma daga ranar ya raɗa masa suna Wakili.

Za a daɗe ana tuna halayensa na gari. Bai taɓa neman hutu ba, bai taɓa cewa ya manta ba. In ruwa ya yi sanyi, sai a ji ɗan "ƙyat" daga cikin kabad, hita ta kama. In ya yi zafi, wani "ƙyat", fanka ta tashi. In abu ya fi ƙarfinsa sai ya yi "ɗit-ɗit-ɗit" cikin ladabi, ya aika wa Malam saƙo a waya. Ba za a ɓoye ba, yana da ɗan tsegumi. Ranar da uwargida ta zare injin kaɗa ruwa don ta jona dutsen guga, kafin dutsen ya yi zafi rahoto ya isa ga Malam a tsakiyar darasi, har ɗalibar da ke tuƙi ta hau kan dakalin wani mai wanki. Uwargida ta yafe masa, don a dalilinsa ne ta sake ganin mijinta yana tafiya a titi ba ya duba agogo.

Ciwon ajalinsa ya samo asali ne daga ƙauna. Da lokacin tafiya ya matso, aka sauko da akwatunan kaya, sai zama ya gagari Malam. Ya goge gilashi, ya sake gogewa. Ya wanke ma'aunai. Da ya rasa abin yi sai ya buɗe kabad, ya ga wayoyi suna reto, kowace da cikinta a ƙasa. Mutumin da ya tsufa yana cewa a miƙe kan layi bai iya jure wannan gani ba. Ya ce ba zai bar Wakili cikin wannan hargitsi ya yi tafiya ba. Ya samo igiyoyin roba, ya ja kowace waya ta miƙe sambal daga bakin tanki har zuwa bakin marigayi, ya ɗaure tamau, ya ja da baya yana murmushi. Har hoto ya ɗauka ya aika wa mai shago, wanda bai buɗe saƙon ba sai bayan rasuwa.

Sauran aikin injin kaɗa ruwa ne ya yi shi. Yana fantsama kaɗan-kaɗan a bakin gilashi, ɗigon ya samu titi miƙaƙƙe babu kwana, ya gangara abinsa. Faifan gano yoyo yana kwance a ƙasa a bushe, ruwan yana wucewa ta samansa. Ranar Litinin marigayi ya fara sambatu: ya ce ruwa ya daskare, jim kaɗan ya ce ya tafasa, ya kunna fitilar safiya da la'asar, ya zuba wa kifaye abincin da ya isa ɗaurin aure. Malam ya ɗauka gajiya ce. Da hantsin Talata ya yi wata doguwar "ɗiiii" da ba a taɓa jin irinta ba, sannan ya yi shiru.

Malam ya gwada duk abin da ake gwadawa. Ya hura masa na'urar busar da gashi ta uwargida, ya kwantar da shi a rana a bakin taga, ya kira sunansa. Mai shago ya zo ya buɗe shi, ya ga farin gishiri ya lulluɓe cikinsa. Ya dubi wayoyin nan masu kyau a jere, ya dubi Malam, ya ce kwana ne ya ƙare. Ya ƙara da cewa sabo ba zai iso ba sai wani wata.

Marigayi ya bar hita da injin kaɗa ruwa, waɗanda yanzu aka jona su kai tsaye a bango suna aiki ba mai tsawatar musu. Ya bar fanka da ba ta san lokacin tashi ba, da famfon ƙara ruwa da ya zama gurgu, da ma'aunai marayu suna tsome a ruwa suna auna abin da ba su da wanda za su faɗa wa. Ya bar faifan gano yoyo, wanda iyali ba sa son a yi maganarsa. Ya bar kifaye da ba su san an yi rashi ba, da murjani da zai sani nan ba da daɗewa ba in ba a kula ba.

Da safiyar Laraba, gawa tana kan teburin cin abinci, waya ta yi ƙara. Mamana ta sauka lafiya, an samu mace. Malam ya yi hamdala, ya share hawaye, sannan idonsa ya koma kan tanki. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, domin murjanin nan tun yana ɗan tsinke ya rene shi. Ya ce wa uwargida ko za ta yi gaba, shi ya biyo ta in abubuwa sun daidaita.

Uwargida ta wuce ɗaki, ya bi ta. Ta buɗe akwati ta fara fito da kayansa, riga bayan riga, tana ninkewa da kyau tana ajiyewa a kan gado. Da ta zo kan hularsa ta fita unguwa sai ta tsaya.

"Malam, me zan ce mata in ta leƙa bayana?"

Ya fita falo ya tsaya a gaban gilashi. Ya daɗe a wurin. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba ko ranar bikin. Da ya dawo ɗaki, da hannunsa ya mayar da rigunan, kuma bai ninke su daidai ba.

Saboda haka ga yadda aka tsara jana'iza. An mayar da marigayi cikin kwalin da ya zo da shi, an ɗora shi a saman kabad, za a kai shi wurin tara matattun kayan lantarki in an dawo. Za a yi zaman karɓar gaisuwa a falon gidan kullum, safe da yamma, daga Alhamis har zuwa ranar da mai jego za ta sallami mahaifinta. Masu zuwa ba za su tarar da kowa ba. Makulli yana wurin mai kemis na ƙasan bene.

Ana roƙon duk wanda ya zo ya tsaya a gaban tanki cikin natsuwa, ya yi wa marigayi fatan alheri, sannan ya dubi ma'aunin gilashin da aka manna a kusurwa. In ya haura jan layi, ya kunna fanka. In ruwa ya sauka ƙasa da alamar da aka yi da jan farce, ya cika shi daga farar jarka, ba shuɗiya mai ruwan gishiri ba, domin ruwa ne ke ƙafewa, gishiri yana nan inda yake. Abinci kuwa masu gaisuwar safe ne kaɗai za su zuba, abin da yatsa biyu suka ɗauka. Ba a buƙatar furanni. Kada kowa ya taɓa wayoyin, an mayar musu da cikinsu, kuma haka za su zauna ko da sun yi wa mutum muni.

Tsofaffin ɗalibai, musamman waɗanda Malam ya taka wa birki a gaban babbar mota, an san ba za su bari a yi wannan rashi babu su ba. Masu cewa gadin kifi ne aka saka wa rigar makoki, Allah ya shirye su, kuma ana sa ransu ranar Asabar da yamma.

Wanda ya ga wani abu da bai gane ba ya yi abin da hankalinsa ya ba shi. Kada ya kira Malam. Wayarsa tana cikin jakar uwargida a kashe, hannuwansa biyu kuma suna riƙe da jikarsa.