Fatihar da Na Ja wa Ƙyaure

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na tara mutanen Batsari da baƙinsu na Safana na jefa su cikin ruɗu ba, ruɗun da ni kaina na fi kowa daɗewa a cikinsa. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Lokacin ban daɗe da zuwa Batsari ba. Daga Katsina aka turo ni koyarwa a wata sakandare, aka kuma ɗora mini aikin malamin wasanni saboda babu mai so. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni, domin ina da wata cuta da na gada wurin mahaifina: son wata tsohuwar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar nan. (Ba zan faɗi sunanta ba, kada magoya bayanta su san cewa irina na cikinsu.) Leburori masu dakon buhunan gyaɗa ne suka kafa ta tun zamanin Turawa, suna wasa ba takalmi. Ta ci kofuna, ta fita ƙasashen waje ta wakilce mu, ta taɓa durƙushewa har aka cire rai, magoya baya suka sake ɗaga ta. Duk wannan na haddace shi fiye da darasin da ake biyana in koyar.

Gwanina a tarihin nan kuwa shi ne wani mai tsaron gida da ake yi wa laƙabi da Ƙyaure. Ban taɓa ganinsa ba sai a wani tsohon hoto marar kala: siririn saurayi, dogo, ya rungume ƙwallo. Sunansa na yanka ma ban sani ba, domin a rediyo Ƙyaure kawai ake cewa. Wata rana a teburin mai shayi a Katsina na ji wani ya ce, "Ai Ƙyaure ya riga mu gidan gaskiya." Ban tambaye shi yaushe ba, ban tambaye shi a ina ba. Na ɗauka na adana. Da tafiya ta yi tafiya na ƙara masa gadon asibiti, daga baya kuma na ƙara masa kalaman ƙarshe, har ni kaina na manta cewa ni na ƙara.

Za ka ce me ya sa malaman Batsari ba su gyara mini ba. To, matasan cikinsu ƙungiyoyin Turai kawai suka sani, manyan kuma da na fara sai su tuna suna da aji. Babu wanda ya taɓa jure saurarena har in kai wurin mutuwar.

Matsalar makarantarmu ita ce fili. Yara sun yi ta kwararowa daga ƙauyuka saboda hare-haren 'yan bindiga, aka gina sababbin azuzuwa a kan filin wasan, ya zama ba mu da inda za mu buga ko ƙwallon tsumma. Sai dai akwai wata gona jikin katangarmu, shimfiɗaɗɗiya, ta wani dattijo da ake kira Alhaji Ummaru, wanda ya taso daga Ruma da iyalinsa bayan abin ya yi tsanani. Shugaban makarantarmu, Malam Sada, 'yarsa yake aure. Da ƙyar ya samu tsohon ya ara mana gonar na yini ɗaya bayan an cire gyaɗa, don mu yi wasan sada zumunci da wata makaranta daga Safana. Burinmu shi ne in ya ji daɗin taron, a roƙe shi ya bar mana ita duk rani.

Malam Sada ya kira ni ofis ya ce, "Malam, kai za ka riƙe makirufo. Ka ɗan taɓo tarihin ƙungiyar nan taka kafin a take wasa. Ai ka san tsakanin Baba Alhaji da ita."

Ban san komai ba. Amma ni mutum ne da bai iya cewa bai sani ba in dai maganar ƙwallo ce. Na ce, "Haba ranka ya daɗe, wa zai gaya mini?" A raina na ce ashe tsohon magoyin baya ne irin mahaifina.

"To dan Allah a bi a hankali," in ji shi. "Filin nan muke so."

Ranar wasa aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka ɗaure lasifikar haya a kan dalbejiya, irin wadda in an yi tari a cikinta sai an ji a bakin kasuwa. Na je na durƙusa na gaida Alhaji Ummaru. Dattijo ne mai jiki, farin gemu, da sanda a gefensa. Da ya miƙo mini hannu na ga yatsunsa duk a karkace, na ce a zuciyata, Allah sarki, noma ba wasa ba. Kusa da shi liman ne, sai dattawan unguwa, sai malaman Safana.

Na karɓi makirufo na fara. Gaskiya na yi ƙoƙari, wannan ko maƙiyina zai shaida. Na kawo leburorin gyaɗa, na kawo kofin farko, na kawo tafiyar da aka yi a bayan babbar mota zuwa kudu. Yara suka yi tsit. Sai na gyara murya na ce, "Amma duk wanda zai yi maganar ƙungiyar nan bai ambaci Ƙyaure ba, bai ce komai ba!"

Dattawan rumfa suka yi wani ɗan motsi, duk suka juya suka kalli Alhaji. Shi kuma ya sunkuyar da kai. Na ce madalla, na taɓo masa gwaninsa. Na shiga ba da labarin wasan ƙarshe na cin kofi, yadda Ƙyaure ya tare bugun daga kai sai mai tsaron gida da karyayyen hannu, yadda aka ɗauke shi a kafaɗa aka zagaya gari. Na ga Alhaji ya sa bakin rawaninsa yana goge ido. Malam Sada ya dube ni ya gyaɗa kai. A wannan lokacin, wallahi, har na fara auna inda za mu kafa raga.

Da na tsaya nan, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Sai na sassauta murya na ce, "Allah ya jiƙan marigayi Ƙyaure."

Malam Sada ya yi tari. Ya sake yin tari. Ya ɗaga hannu yana yi mini alama, yana kaɗa shi ƙasa-ƙasa. Na ɗauka cewa yake ba a jina sosai, sai na matso da makirufo bakina. Na faɗi yadda ya yi jinya, yadda ya rame, yadda ya kira na kusa da shi ya ce su riƙe ƙungiya amana. (Wannan jimlar a kan babur na ƙirƙire ta, tsakanin Katsina da Batsari.) Wani malamin Safana ya miƙe tsaye, ya dubi rumfa, ya dube ni, ya koma ya zauna. Liman ya buɗe baki ya rufe. Na ga fuskoki sun canza, amma na ɗauka zafin maganata ce ke ratsa su. Har wani alfahari na ji.

Na ce, "Jama'a, ina roƙon Malam Liman ya ja mu, mu yi wa wannan bawan Allah Fatiha."

Liman bai motsa ba. Ya dubi Alhaji kamar mai neman ceto. Ni kuma na tsaya ina mamakin wane irin limami ne wannan da ake roƙonsa Fatiha yana waige-waige. Can sai Alhaji Ummaru ya jingine sandarsa, ya ɗaga hannuwansa biyu. To, wa zai ga dattijo ya ɗaga hannu ya bar nasa a ƙasa? Kuma wa zai katse Fatiha in an fara? Liman ya ja, rumfa ta ɗauka, yara suka ɗauka, 'yan wasan Safana da ke tsakiyar fili suka ɗauka. Muka shafa. Na ji amin ɗin Alhaji ta fi ta kowa ƙarfi.

Ina shirin cewa a take wasa sai muka ji kururuwa daga bakin hanya. Wata tsohuwa ce tafe, mayafi a hannu, takalmi ƙafa ɗaya, mata biyu na biye da ita suna salati. Daga baya na ji cewa yayar Alhaji ce, Iya Hajjo, tana tsakar gida tana tsintar wake lasifika ta kai mata labari. Ta ratsa fili, ta shigo rumfa tana cewa, "Wayyo ɗan'uwana! Yanzu-yanzu ya fita da ƙafafunshi!" Sai ta yi turus. Ta ƙura wa Alhaji ido.

"Kai Ƙyaure! Ashe kana nan zaune?"

Ku yarda da ni, ko a nan ban gane ba. Tausayinta ma na ji, na ce baƙin ciki ya taɓa tsohuwa har tana ganin mamaci a fuskar mutane. Na rufe makirufo da hannu na raɗa wa Malam Sada, "Ranka ya daɗe, 'yar'uwar marigayin ce?"

Ya dube ni da wasu idanu da ban taɓa gani a fuskar ɗan Adam ba. Ya ce, "Marigayin ga shi nan zaune, Malam. Surukina ne."

Na dubi Alhaji. Na dubi yatsun nan. Na tuna siririn saurayin hoto, na yi ta ƙoƙarin cusa shi cikin wannan babbar riga ya ƙi shiga. Na ce, "To... to wa ya rasu?" Ashe hannuna ya zame daga kan makirufo. Tambayar nan har bakin kasuwa an ji ta.

Abin da ban sani ba shi ne, duk wani mai furfura a Batsari ya san ko wane ne shi. Amma mutumin da ya je Makka, ya aurar da 'ya'ya, yake sahun gaba a masallaci, wa zai dube shi ya kira shi da laƙabin samartaka? Malam Sada kuwa ko sunansa na yanka ba ya iya faɗa, balle wannan. Duk garin mutum ɗaya ce ke da wannan ikon, ita ce kuma na taso daga kan wakenta.

Yara suka fashe da dariya, dattawa suna tsawata musu suna danne tasu. Iya Hajjo ta juyo kaina tana tambaya, "Wane ɗan banza ne ya kashe mani ƙane?" Aka nuna ni. Waya ta yi ta ƙara a aljihunan mutane, 'yan'uwa daga Karare har sun fara neman babur. Ni dai ina tsaye da makirufo, na rasa ko ajiye shi zan yi ko in ba da haƙuri a cikinsa. Alhaji ya miƙe. Ya ɗauki sandarsa, ya kama hannun yayarsa, suka tafi gida. Aka buga wasa, amma kada ku tambaye ni wa ya ci.

Washegari Malam Sada ko gaisuwata bai amsa da kyau ba. Ya ce, "Ka kashe mani suruki, ka kashe mana fili. Sai ka je ka san abin da za ka ce mashi."

Bayan la'asar na tafi gidan Alhaji. Na tarar da shi a zaure kan buzu. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa, na gaishe shi, na sake gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi gajiyar jiya, sai na ji kunyar wannan tambayar ma. Na ce, "Baba, na zo ne... wallahi ji na yi an faɗa."

Ya dubi ƙofa. Sannan ya ce, "Ɗana, ba kai kaɗai ba ne. Su ma 'yan ƙungiyar can haka suka ɗauka, halan. Tun da na aje wasa ba wanda ya tako ya ce ina Ƙyaure. Da aka tashe mu daga Ruma, muka kwana a daji da jikoki, ba wanda ya nemi ya ji ko muna raye. Jikokin nan kau sai jiya suka san kakansu ya taɓa tsaron gida. Sun hana ni sakat, wai sai na nuna masu hannun."

Kunyar da na zo da ita ta koma tausayi, na ji hawaye na neman zubo mini.

"Hannun kuma ba karyewa ya yi ba," in ji shi. "Yatsa ne ya goce. Amma bar shi a karyayyen, ya fi daɗin ji." Ya yi 'yar dariya. "Ka ce ma Sada su yi wasansu in an kauda amfani. Gona dai ba ta zama fili da damina."

Na yi ta godiya, na yunƙura zan tashi. Ya ce, "Ina za ka? Zauna." Ya leƙa cikin gida ya ƙwala wa jikokinsa kira, suka fito suka zazzauna. Ya gyara zama, ya dube ni.

"Sake ba su labarin wasan nan tun daga farko. Amma in ka zo wurin asibiti, ka tsaya."

Filin dai mun samu, yara na buga ƙwallonsu duk rani. Ni kuma na samu abin da ya fi fili daɗewa: har aka yi mini canjin wurin aiki, in na shiga kasuwar Batsari ba mai ce mini ina wuni, sai dai "Malam, ya ƙarin haƙuri?" Yanzu in zan yi wa wani addu'ar rahama a bainar jama'a, sai na fara bin rumfa da kallo kujera-kujera, in tabbatar ba ya cikin masu cewa amin.