Kindirmon da Ke Firij

Matata tana digirin dakta kan yadda abinci ke taɓa hanji, garkuwar jiki da ƙwaƙwalwa. Ranar da abokina Bala ya zo gidanmu a Gwarinpa ba ta nan. Na buɗe firij, na ga kwalaben kindirmo huɗu, na dama mana fura, har ina taƙama: "Hannun madam ke nan."

Tana shigowa ta ga kwalaben wayam, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Abban Hanifa, samfurin bincikena ne! Wata uku ina renon ƙwayoyin halittar da ke ciki, gobe zan kai ɗakin gwaji a Sheda!"

Ludayi ya suɓuce wa Bala. "Madam, mutuwa za mu yi?"

Ba mu mutu ba, amma mun kwana biyu muna zaryar banɗaki. Har yau ƙannenta ba sa gaishe ni sai da, "Ɓeran gwaji, ya hanji?"