Ranar da Na Shiga Ƙauyen Amarya Sanye da Lefenta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai lefen Sale ba, kuma ko na so in manta, dangina ba za su bari ba. Sale ɗan ƙanena ne. Aikin gadi yake yi a nan Doha, yana kwana a Sana'iyya, unguwar masana'antu, cikin ɗakin mutum shida. Ni kuwa ina unguwar Matar Kadim wajen 'yata da mijinta, ina riƙe musu gida in sun fita aiki. Duk Juma'a Sale yakan zo ya ci tuwo, in yi masa faɗa, ya koma.

A danginmu ni ake turawa in ana so a ji tsoro. Ban yi makaranta ba, amma ba a taɓa auna mini hatsi da mudu mai lotsattsen gindi ban gane ba. Shi ya sa da Sale ya samu mata, ƙanwar wani abokin aikinsa, kamfaninsu kuma ya ce babu hutu sai bayan wata huɗu, ba a yi dogon shawara ba. Ni gwaggonsa zan kai lefe. Shekara uku yaron nan yana tara kayan, yau turare, gobe takalmi, yana ajiyewa a ƙarƙashin gadona. In an karɓi lefe a sa rana. In an mayar da shi, to sai dai wani zancen.

"Gwaggo," in ji shi, yana nuna mini wasu layuka a waya, "garin nasu a saman Mambila yake, can bayan Gembu. Mota ba ta kaiwa. An ce akwai tafiyar ƙafa mai ɗan wuya."

"Ɗauke mini wayarka. Ni da nake zagaya lambun unguwar nan sau biyar kowace safiya?"

(Lambun nan, in ba ku sani ba, shimfiɗe yake kamar faifai, ciyawarsa kore shar, ana ba ta ruwa ta ƙarƙashin ƙasa. Garinmu na haihuwa ma a ƙasar Gumel yake, inda tudu mafi tsawo shi ne juji.)

Na sauka Kano, na ɗauki ƙanwata Ladi, muka yi kwana biyu a mota. Hawan dutsen nan kaɗai, Ladi ta yi kalmar shahada ta fi sau ashirin. A inda hanyar mota ta ƙare, bakin wani daji, muka tarar da masu babura da wata mata tana jiranmu. Aka ɗaure manyan akwatuna a babura, za su bi wata doguwar hanya ta kewaye. Aka ce mu ma mu hau. Na ce ni ban taɓa zama bayan wani ƙato ina riƙe da kugunsa ba, ba kuma a ranar kai lefe zan fara ba. Ƙafa za mu bi. Ƙaramin akwati kuwa, mai sarƙa da 'yan kunne na zinariya, na ce ba ya barin hannuna.

Matar nan ita ce Dija, gwaggon amarya, wato takwarata a wancan ɓangaren. Siririya ce, ta girme ni, da sanda a hannu da dogon takalmin roba har gwiwa. Ta dubi leshina, ta dubi takalmina mai duwatsu da na saya a Doha, sai ta ciro wani takalmin robar daga buhu ta miƙo mini.

"Hajiya, sa wannan. Ƙasarmu tana da ruwa."

"Na gode. Lefe na kawo, ba noman shinkafa ba."

Ladi ta karɓi nata ta saka ba ko kunya. Na harare ta, ta yi kamar ba ta gani ba.

Muka shiga dajin. Itatuwan turare ne aka shuka layi-layi, dogaye, sama ba ta ganuwa, ga ƙamshi kamar man da ake shafa wa mai mura. Ƙasa ja ce mai santsi. Sau biyu na zame, sau biyun na ce Ladi ce ta taka mini zane. Da muka fito daga itatuwan sai na ga abin da ban taɓa gani ba: tudu bayan tudu, duk ciyawa, ba gida, ba bishiya, sai shanu can nesa kamar an watsa wake. Gajimare kuma a ƙasa yake yawo, ya zo ya shafe ka da sanyi ya wuce. Hanyar ba ta wuce faɗin ƙafa biyu ba, shanu ne suka fitar da ita, kuma ba ta taɓa miƙewa. Ta yi dama, ta yi hagu, ta hau, ta gangara.

Gwiwoyina suka fara magana. Ban ce na gaji ba, Allah ya kiyaye. Sai dai in tsaya in ce zan gyara wa Ladi mayafi, ko in ce bari in duba makullin akwati. Dija takan jingina da sandarta ta jira, ba ta haki, ba ta cewa komai. Shirun nan nata ya fi ba ni haushi.

Bayan kamar awa biyu muka hau wani tudu, sai ga rufin kwano yana ƙyalli a tudun da ke fuskantarmu. Dija ta ce ƙauyen ke nan. Kusa ƙwarai, har ina hango hayaƙin girki. Tsakaninmu da shi wani fili ne a kwance, lumui, kore shar, ya ma fi na lambunmu kyau. Amma sai na ga Dija ta juya hagu, ta bi hanyar da ta ba ƙauyen baya.

"Ina kuma za mu?"

"Kewayawa za mu yi ta kan dutse. Saura kamar awa ɗaya."

"Ga gari a gabanmu ki ce awa ɗaya?"

"Nan ba a bi, Hajiya. Ko saniya ba ta bi."

Nan fa hankalina ya ba ni abin da ya saba ba ni. Na kai lefe ya fi sau goma, na san halin dangin amarya. So suke ku iso a makare, a gajiye, kuna haki, su kuwa suna zaune sun sha kwalliya, don bakinku ya mutu kafin a buɗe akwati. Na ce a raina, wannan tsohuwar da gangan take yawo da mu. Ciyawa dai na san ta, kullum a kanta nake tafiya.

"Ladi, yalla, biyo ni."

"Yaya, matar nan fa garinsu ne."

"To zauna nan ki yi ta bin garinsu."

Na ɗora akwatin a ka, na gangara. Gaskiya taku goma na farko daɗi, taushi kamar katifa, har na waiwaya na yi musu murmushi. A na sha ɗaya ƙasa ta yi rawa a ƙarƙashina kamar fatar kunu. A na sha biyu ƙafata ta dama ta tafi har gwiwa. Na sa ta hagu don in ciro ta, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Ashe ciyawar a kan ruwa take kwance, ƙarƙashinta baƙar laka ce mai sanyin ƙanƙara. Kafin in gama salati ta kai mini kugu.

"Kada ki motsa," in ji Dija daga bakin tudu, muryarta kamar mai tambayar farashin gishiri. "In kin yi ta shure-shure ƙasa za ki yi. Jefo akwatin."

"Ba zan jefa ba."

"To kwanta da baya, ki buɗe hannuwa."

"In kwanta? A ina?"

Ta juya ta yi wani kira mai tsawo da Fulatanci, tudun can ya amsa. Ba a jima ba sai ga magidanta biyu sun gangaro da igiya, irin mai kaurin nan. Na tambayi Dija ta mece ce. Ta ce da ita ake ciro saniya in ta faɗa, amma an daɗe ba a yi amfani da ita ba, don shanun yanzu sun yi wayo.

Lakar ta kai mini ƙirji lokacin da suka jefo igiyar ta sarƙe ni ta ƙarƙashin hammata. Hannuna biyu suna kan akwati, ban saki ba. Suka ja, suna wani irin kirari da na tabbata na shanu ne. Na fito da ƙarar da ban so in kwatanta ba. Takalmina mai duwatsu bai fito ba. Zanen leshina ma bai fito ba. (Allah ya saka wa mutanen nan, tun kafin Dija ta yi magana suka juya baya suka kama hanyarsu, kafaɗunsu kawai nake gani suna rawa.)

Ladi ta rufe ni da mayafinta, amma haƙorana sai kaɗawa suke, ga yayyafi ya fara. Dija ta taɓa hannuna ta ce sanyin nan yana kashe mutum, in cire jiƙaƙƙun kayan nan take. Jakar kayanmu ta bi babura. Busasshen tufafi ɗaya ne a duk faɗin tudun nan, yana cikin akwatin da na hana kowa taɓawa: abayar amarya. Ruwan hoda ce, an yi mata ado da duwatsu tun daga wuya har ƙasa, ga wasu fuka-fukai a hannu. Amaryar ce da kanta ta zaɓe ta ta waya, Sale yana tsaye a shago yana nuna mata. Ranar da ya kawo rigar gida sai da na ce masa wannan ba rigar 'yar mutunci ba ce.

Ita na saka. Ta matse ni a inda bai kamata ba, ta tsaya mini a ƙwauri. A ƙasa kuma dogon takalmin robar nan, wanda Dija ta sake cirowa daga buhu ta miƙo mini. Muka kewaya ta kan dutse, awa ɗaya cif kamar yadda ta faɗa.

Niyyata in mun isa in saci jiki in canza. Ina! Babura sun riga mu da daɗewa, mata sun cika tsakar gida, tun daga bakin shinge aka tarye mu da guɗa aka zaunar da mu a tabarma ta gaba. Na ja mayafin Ladi na rufe abin da zai rufu, na ɗaure fuska irin tawa. Aka fara buɗe akwatuna, wata mai baki tana ɗaga kaya ɗaya-ɗaya ana sa albarka. Atamfofi, leshi, takalma, turarukan Doha. Aka zo kan sarƙa da 'yan kunne, aka yi guɗa. Na fara samun numfashi.

Sai wata daga cikin ƙawayen amarya ta ce, "Ina abaya mai ruwan hoda? Ta nuna mana hotonta."

Mai ɗaga kaya ta zazzage ƙaramin akwati, babu. Mata suka fara kallon juna. Na san abin da ake tunani, don ni ma na sha tunaninsa a gidajen mutane: ko an yi alkawari an kasa, ko wata a dangin ango ta taɓa. Kuma kowa ya sani, kayan da aka riga aka saka ba ya shiga lefe, raini ne, a kansa ana iya rufe akwatuna a ce ku koma da abinku. Fuskar Sale ce ta faɗo mini, yana tsaye a ƙofar wani gini cikin zafin Doha yana jiran waya.

Na miƙe. Na sauke mayafin.

Wallahi ban san duwatsun nan suna ƙyalli haka ba sai da suka sami haske. Wata ta toshe baki da zane. Wata ta tashi da gudu ta shiga ɗaki, muna jin ta tana dariya ta bango. Mai ɗaga kaya kuwa, da yake aikinta ne ta nuna kowane kaya gaba da baya, sai ta ce, "Hajiya, ɗan juya mu gani." Na juya. Da takalmin roba.

"Ni na saka," na ce. "Yaronmu bai rage komai ba. Laifin nawa ne, an hana ni bin wata hanya na bi."

Dija ce ta karɓi zancen. Ta ba da labarin da Fulatanci, tana nuna ƙirjinta, tana ɗora hannu biyu a ka, har da yadda aka ja igiya. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga inda aka yi dariya, na kuma ga inda aka daina. Daga baya ta juya mini da Hausa: ta ce musu laka ta kai wa matar nan ƙirji, an ce ta jefar da akwati ta tsira, ta ƙi, ko ɗigon ruwa bai taɓa kayan 'yarsu ba. Gidan da ke riƙon amana haka, in ji ta, ko da taurin kai ne, za su riƙe mutum.

Kakar amarya, wata tsohuwa da ke zaune kusa da murhu, ta dube ni sama da ƙasa. Sannan ta ce, "Mun karɓi lefe. Rigar a wanke a ba yarinya. Abin da ke cikin rigar kuwa ku mayar wa Larabawa kayansu."

Aka sa rana a daren, aka ba ni zane da bargo da madara mai zafi. Washegari na hau babur, na riƙe kugun ƙaton da hannu biyu.

Yau matar Sale tana nan Doha, suna zaune a unguwar Muntaza, tana gaishe ni da ladabi har ƙasa. Ita ce ta gaya mini wai yanzu filin nan yana da suna, makiyaya suna ce masa Kwarin Hajiya, in za su gargaɗi baƙo sai su ce kada ya bi ta Hajiya. Ban fasa sa ido a kan mutane ba, kuma har gobe ni ake turawa. Abu ɗaya dai na ƙara a kan sanina: ba duk wanda ya ɗauke ka ta doguwar hanya ne yake cutarka ba, wani so yake ka isa da zanenka.