Fadar Masu Tagumi ta Dokki

Ina cikin tuƙa tuwon rana a ɗakin girkinmu na unguwar Hay el-Sabi' Bakri ya shigo da waya a hannu, ko sallama bai yi ba. Bakri abokin sana'ata ne, Bahaushen Sudan, mu biyu muke dafa wa ɗalibai abinci. Ya ce, "Rilwanu, ajiye muciyar nan." Na ce tuwon zai yi gudaji. Ya ce, "Nata'ala ne. Ya yanke jiki ya faɗi a cikin mikrobas, motar haya, da safen nan. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa." Na yi salati, na ci gaba da tuƙi. Sai da na sauke tukunyar sannan na zauna a ƙasa.

A wannan safiya Alƙahira ta yi rashin babban masanin tarihin gidajen caca na ƙasar Masar, kuma har yau Alƙahira ba ta san ta yi rashin ba. Ustaz Nata'ala, mutumin Ƙaura Namoda, ya zo karatun shekara huɗu, ya yi goma sha ɗaya. Ajin shekara ta uku ya kwanta masa a rai har ya kasa rabuwa da shi. Sauran ɗalibai suna ta gaggawa suna karɓar takarda suna komawa gida, shi kuwa ya tsaya ya duba al'umma, ya ga abin da ya fi damunta: babu wanda ya taɓa ba ta tarihin gidajen caca da Hausa. Sai ya buɗe tasha a intanet. Shi ne mai gabatarwa, shi ne mai bincike, shi ne babban baƙo. Ni ne mai riƙe waya. Ranar ɗauka Darakta yake ce mini. Ranar da yake jin yunwa kuwa Rilwanu ne.

Ba a taɓa ganinsa ba fasfo a aljihun gaba ba. Da shi yake buɗe kowane shiri. Sai ya dafa ƙirji ya ce, "Ya ku masu kallo a gida da waje, doka ta hana Bamisire yin wasa a irin waɗannan wurare. Da likitansu, da injiniyansu, duk an rufe musu ƙofa. Baƙo kaɗai ake buɗe wa. Ni nan da kuke gani ina da abin da zai buɗe ta, kuma ba zan shiga ba. Wanda aka hana bai bar komai ba. Ni ne na bari."

Bai tsaya a rashin shiga ba. Ya zauna ya yi nazari, ya fitar wa kansa da hukunci cewa tsakanin mai ilimi da ƙofar gidan caca dole a sami taku arba'in. Da kansa yake ƙirgawa, da baya da baya, yana kallon ƙofar kamar za ta biyo shi. Titunan bakin Nilu ba a yi su don wannan hukunci ba. Sau da yawa taku na arba'in a tsakiyar titi yake faɗawa, direbobi na danna ham suna ambatar iyayensa, shi kuma yana ɗaga musu hannu don ya ɗauka masu kallonsa ne suka gane shi. Daga baya ya yi sassauci, ya ce ƙari ba laifi, muka koma tsallake gaba ɗaya. Nan ɗalibai suka sa masa Shehin Tsallaken Titi. Ya ji sunan, ya karɓi rabin farko.

Tunda ba ya matsawa kusa, tarihinsa daga bakin mutanen tsallake yake samo shi, kuma ba ya ɓoye madogara. "Wannan otal," in ji shi, yana nuna wani dogon gini da motar bas ta tare, "na ji daga mai gasa dankali, shi kuma ya ji daga ƙanin matarsa, wanda ya taɓa wanke motoci a bayan ginin, kuma mutum ne mai gaskiya." Idan mai dankali bai san shekarar da aka yi gini ba, Ustaz yakan dubi fentin ya yanke. Yana da tabarau na likita, don idonsa ba ya gani da nisa, amma ba ya fita da shi. Ya ce tabarau na likita na masu karanta abin da wasu suka rubuta ne. Baƙi yake sawa.

Babban aikinsa a unguwar Dokki ya same shi. Mun je neman wata takarda, muka ratsa wani layi mai itatuwa, sai ya tsaya cak ya riƙe mini hannu. A tsallake akwai wani tsohon gida mai hawa biyu, ruwan ƙwai, da ƙofar ƙarfe. Wani mutum yana ta kai da komo a bakin ƙofar, ya kama hannun ƙofa ya saki, ya kama ya saki, sannan ya rufe ido ya shige. Jim kaɗan wani ya fito, hannu a kunci, yana tafiya a hankali. Bayansa wata mata ta fito, ita ma hannu a kunci.

"Darakta," in ji Nata'ala, murya ƙasa ƙasa, "ka ga abin da na gani? Tagumi. Mutum ba ya shiga gida lafiya ya fito da tagumi sai ya bar wani abu a ciki."

Shiri tara muka yi a kan gidan nan. Ya raɗa masa suna Fadar Masu Tagumi. A shiri na biyu ya gano cewa wani basha, mai sarauta na zamanin da, ne ya gina shi bayan ya yi asarar gonar audugarsa. A na huɗu bashan ya zama biyu, 'yan'uwan juna. Wani dattijo ya fito ya tofar da jini a gindin itace, Ustaz ya girgiza kai ya ce, "Har duka ake yi a ciki." Wani saurayi ya fito yana washe baki yana duba haƙoransa a fuskar waya, Ustaz ya ce, "Wannan ya ci. A cikin goma ɗaya ke ci, don a jawo sauran." Ranar da wata uwa ta fito da 'yarta, yarinyar na tagumi tana sheshsheƙa, sai ya cire baƙin tabarau ya share hawaye. Hawayen gaske ne. Na san shi, ba ya iya kukan ƙarya. Ya ce, "Har yara, jama'a. Har yara."

Ana tsakiyar wannan jihadi haƙorina na baya ya tashi. Kwana uku ban ci da daɗi ba. Bakri ya rubuta mini adireshin wata likita da ta taɓa yi masa aiki, na hau mota na bi kwatance, layi bayan layi, sai ga ni a gaban ƙofar ƙarfen nan. A jikin bango akwai ɗan allo, bai fi tafin hannu biyu ba, da suna Dakta Eman da hoton haƙori. Daga taku arba'in ko mai ido lafiya da ƙyar zai gan shi. Na kama hannun ƙofa na saki, na kama na saki, sannan na shiga.

Tana cikin aiki a bakina ta tsaya ta ƙura mini ido. Ta ce, "Ba kai ne mai ɗaukar mutumin nan mai baƙin tabarau ba? Wata biyu kuna tsaye a can. Mun zaci masu binciken asibitoci ne. Har fenti muka sake." Ban iya amsawa ba, hannunta na cikin bakina. Na fito da hannu a kunci, na dubi wurin da muke tsayawa a tsallake.

Ban faɗa masa ba. A satin nan sakamakon jarrabawa ya fito, kuma ajin shekara ta uku ya sake riƙe shi. Abokan zuwansa sun zama limamai da alƙalai a gida. Ba mata, ba ɗa, sai katifa a ɗakin mutum biyar a unguwar Madinat Nasr. Gidan nan ne kaɗai abin da ya taɓa ganowa da kansa. Na ci gaba da riƙe masa waya, da giɓina a baki, yana yi wa masu irin ciwona wa'azi.

Aka yi masa sutura a nan Alƙahira. Ranar uku Malam Zainulabideen, shugaban ɗalibanmu, ya zo wurina da wasu malamai biyu. Mutumin kirki ne, shi ya tsaya a kan takardun asibiti har aka ba mu gawa. Suka zauna a bencin masu cin abinci.

Ya ce, "Malam Rilwanu, an ce lambar sirrin tashar marigayi tana hannunka."

Na ce, "Tana nan, Allah gafarta Malam."

Ya ce, "Ka san abin da mutum ya bari yana bin sa har kabari. Tashar nan maganar caca ce. Musamman na Dokki: ya nuna layi, ya nuna ƙofa, ya nuna fuskokin mutane. Duk wanda ya kalla ya nufi can, ɗan'uwanmu na da kaso. Ka goge ta gaba ɗaya, khalas, shi ke nan, mu huta shi ma ya huta."

Abin da Malam bai sani ba, da safen ranar Mardiya, ƙanwar Nata'ala, ta kira ni daga Ƙaura. Ta ce Inna, mahaifiyarsu, kullum bayan ta karya sai an kunna mata shiri ɗaya. Ba ruwanta da basha, ba ruwanta da otal. Kallonsa take yi tana cewa ya yi ƙiba, ko ya rame, ko wa ya wanke masa rigar nan. Shekara bakwai rabonta da shi. Mardiya ta ce, "Yaya Rilwanu, mun ji ana zancen gogewa. Don Allah a bar mata muryarsa."

Na dubi malaman nan uku. Idan na yi shiru, Nata'ala zai tafi da girmansa: masanin da aikinsa ya yi haɗari har malamai suka taru suka goge. Da yana raye, da ya yi shiri goma a kan wannan karramawa. Amma Inna za ta tashi gobe ba abin kunnawa. Na shiga ciki na ɗauko katin Dakta Eman na ajiye a gaban Malam. Sannan na buɗe baki na sa yatsa na nuna masa giɓin.

Na ce, "Abin da na bari a gidan ke nan, Malam."

Aka kunna shiri na shida. Dattijo ya fito ya tofar da jini, muryar abokina ta ce har duka ake yi. Ɗaya daga cikin malaman ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Ɗayan ya ce zai je ya sake alwala. Malam Zainulabideen ya daure, ya ce a kawo sauran. Tun daga la'asar suke duba shirye-shiryen bakin Nilu, suna neman gidan caca ko ɗaya da ya fito a hoto. Suka ga bas, suka ga bango, suka ga fuskar Nata'ala, suka ga mai dankali sau goma sha biyu.

Malam ya miƙo mini wayar ya ce, "Ma'alish, ba komai, a bar su. In sha Allahu babu abin da zai bi shi daga nan. Zunubi babu." Sannan ya ƙara da cewa, "Tarihin ma babu."

Kafin sati labari ya gama Madinat Nasr, ya tsallaka gida. Tashar da a da ni da Inna da Mardiya muke kallo, yanzu dubbai ke shiga. Dariya suke zuwa yi. Mardiya ba ta karanta wa Inna abin da suke rubutawa, adadin kawai take faɗa mata, Inna kuma ta ce dama ta san ɗanta zai yi suna. Ni na jawo masa wannan dariya, kuma in aka sake tambayata haka zan sake yi. Nata'ala, ka yafe mini. Kai ne kaɗai a garin nan ka taɓa kirana da wani suna da ya fi mai tuwo.

Likitan asibiti ya ce zuciya ce. Sau uku na tambaye shi ko haƙori na iya jawo haka, sau uku ya ce zuciya ce. Na tambaya ne don ana gobe zai rasu ya zo wurina da rana, na zuba masa tuwo da miyar kuka, na ga yana tauna da gefe ɗaya. Ya ture kwanon, ya kai hannu kunci.

Ya ce, "Rilwanu, wannan haƙorin ya ƙi jin magana. Kai ina ka cire naka?"

Na ce, "Wurin wata likita. Tana da hannu. Jibi in kai ka."

"A ina take?"

Na goge tebur, na sake gogewa. Na ce, "A Dokki."

Ya ce, "Tamam, ya yi. Amma in mun fito ka bi da ni ta bayan layi. Ka san an san fuskata a unguwar. Kada mutanen gidan nan su hango ni da tagumi su ce Ustaz ma ya shiga."

Na ce, "To, Ustaz. Ka zo da tabaranka na likita."